Fitilar iskar taya bayan canjin rim

Akwai wata 'yar fitila ruwan ɗorawa a gaban direba, mai hoton taya da alamar motsin rai a tsakiyarta. Direbobi da yawa a Kano da Kaduna da Maraɗi sun saba ganinta a kunne har ta daina damunsu, wasu ma sukan manna mata baƙin salatif su huta. In ka tambayi mai motar, sai ya ce tun ranar da ya sa sababbin rim ta kama, ba ta sake mutuwa ba. Wannan ita ce fitilar gargaɗin iskar taya, wadda littafin mota ke kira TPMS.

Amurka ce ta fara wajabta ta. Bayan haɗurran da tayoyin Firestone suka jawo a motocin Ford Explorer, majalisar ƙasar ta yi dokar TREAD a 2000, kuma daga Satumban 2007 duk sabuwar ƙaramar mota da za a sayar a can sai da wannan na'ura. Tarayyar Turai ta wajabta ta a Nuwamban 2014. Tun da galibin motocinmu na hannu ne da aka shigo da su daga waɗannan wurare, mun gaji na'urar ba tare da an yi mana bayaninta ba.

Iri biyu ce, kuma sai ka san wadda ke motarka kafin ka kashe ko sisi. Iri na farko ba shi da komai a cikin taya. Kwamfutar mota tana lura da yadda kowace ƙafa ke juyawa ta na'urar birkin ABS, domin tayar da ta rage iska takan ɗan ƙanƙance, ta riƙa juyawa da sauri fiye da 'yan uwanta. Volkswagen da wasu samfuran Honda da Mazda suna amfani da wannan. In irinta gare ka, abin mai sauƙi ne: bayan canjin ƙafa ka daidaita iskar duk tayoyin, ka danna maɓallin saitawa ko ka zaɓe shi a allon gaba, ka yi 'yar tafiya, motar za ta ɗauki sabon ma'auni.

Iri na biyu shi ne mai wahalar da mutane. A cikin kowane rim, manne da gindin bawul, akwai sensa da bai kai kwalin ashana ba. Yana auna iska, ya aika wa mota da saƙon rediyo, kuma kowane ɗaya da lambarsa da motar ta haddace. To ka ga, wanda ya sayar da tsofaffin rim ɗinsa a kasuwar Ƙofar Ruwa ya sayi masu sheƙi, ya bar sensocinsa sun bi tsofaffin. Mota ta yi ta sauraro shiru, sai ta kunna fitila. Da tun farko an kwance su an mayar cikin sababbin rim, da sabuwar robar toshe iska, da magana ta ƙare.

Ko rim ɗin ba a canza ba, wurin mai faci ma sensa kan mutu. Ka tsaya ka kalli yadda ake raba taya da rim a bakin titi: a cusa ƙarfe a gefen tayar, a bi da guduma, a zagaya. In ƙarfen ya faɗa daidai wurin bawul, robar sensa ta fashe, ba kuma wanda zai ji ƙararta. Mai facin ba mugunta ya yi ba, bai san akwai wani abu a ciki ba ne. Kafin ya ɗauki ƙarfe ka ce masa, "Malam, don Allah akwai sensa a bayan bawul ɗin nan, a fara daga nesa da shi." In bawul ɗin na alminiyam ne, murfin roba ya fi masa, na ƙarfe kan yi tsatsa ya manne har sai an karya.

In ya zama dole a sayi sabon sensa, a duba daga ina motar ta fito. Galibin motocin da aka ƙera domin Amurka suna aiki da megahaz 315, na Turai kuma 433, saboda haka sensan Camry 'yar Beljiyam ba lalle ya yi magana da 'yar Amurka ba ko da shekararsu ɗaya. Bayan an saka, wasu motoci kan gane sabon da kansu a cikin tafiya. Toyota da yawa kuwa sai bakanike ya jona kwamfuta a ƙarƙashin sitiyari ya shigar da sabuwar lambar. Maɓallin saitawa da ke ƙasan sitiyarin ba ya wannan aiki, ko sau nawa aka danna shi.

Fitilar ma tana faɗin abin da ke damunta. In ta kama ta tsaya cak, iska ce ta ragu. In ta yi ta ƙiftawa kamar minti ɗaya bayan an tayar da mota sannan ta tsaya, na'urar ce da kanta ke da matsala: sensa ya fashe, ko babu shi, ko batirinsa ya ƙare. Batirin a rufe yake ba ya canzuwa, yakan yi shekara 5 zuwa 10, don haka a motar 2010 ba abin mamaki ba ne su riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

Kada kuma a ce tun da fitila ba ta kama ba iska daidai take. A ƙa'idar Amurka sai iska ta ragu da kashi 25 cikin ɗari ake bukatar ta kama, wato tayar da ya kamata ta kai 32 za ta iya sauka zuwa 25 fitila na shiru. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba, na gefen taya kuwa iyakar abin da tayar ke ɗauka ne. A auna da geji da safe kafin taya ta yi zafi, musamman da hunturu, lokacin da sanyin asuba ke rage iska har fitila ta kama, rana ta ɗago ta mutu. In duk ƙafafu huɗu daidai suke amma fitila ta ƙi mutuwa, a sauko da safaya a auna, don a wasu manyan motocin Toyota ita ma da sensa a cikinta.