Sankarar Ƙashi: Shin Faɗuwa Ce Ke Kawo Ta?

Sau da yawa idan aka kawo yaro asibiti da kumburi a gwiwa, iyaye kan ce ai tun ranar da ya faɗi a wajen ƙwallo abin ya soma. Wasu kuma su ce jifa ne. Gaskiyar magana, bincike bai nuna cewa faɗuwa ko buguwa na haddasa sankarar ƙashi ba. Ciwon ya riga ya daɗe yana cin ƙashin ta ciki, faɗuwar ce kawai ta tona shi.

Sankarar da ke tsirowa daga ƙashin kansa ba ta kai kashi 1 cikin 100 na dukkan sankara ba. Wadda ta fi kama yara, wato ostiyosakoma, ta fi zuwa tsakanin shekara 10 zuwa 20, lokacin da yaro ke yin tsawo da sauri. Shi ya sa ta fi son wuraren da ƙashi ke saurin girma: sama da ƙasan gwiwa, da damtse kusa da kafaɗa. Ƙwayoyin halittar ƙashin ne ke samun tangarɗa, su yi ta hayayyafa ba tsayawa. Ba a ɗaukar ta daga wani.

Akwai waɗanda haɗarinsu ya fi yawa. Yaron da ya yi sankarar ido ta gado, wadda ke sa tsakiyar ido ya yi fari kamar na kyanwa, yana cikinsu. Haka wanda aka taɓa ƙona wa wata sankarar da na'urar haske, ko da an yi shekaru. Hoton ƙashi na yau da kullum bai shiga wannan lissafi ba, kada a guje shi.

A wajen manya kuwa, galibi daga wani wuri take yaɗowa, kamar mama, huhu, ƙoda ko furostet na maza.

Abin da ya fi cutar da marasa lafiyarmu shi ne jinkiri. Akan yi watanni wajen mai ɗori ana matsa ana tsaga, har ciwon ya kai huhu, ko ƙafar da za a iya cetowa ta zama sai an yanke. Ba kowane ciwon ƙashi ne sankara ba, amosanin jini da ƙwayoyin cuta sun fi kawo shi. Amma ciwon da ke hana barcin dare, ko kumburin da ke ƙaruwa, ko karaya ba tare da wani bugu mai ƙarfi ba, a kawo shi a ɗauki hoto kafin kowa ya taɓa wurin.