Retinol Ko Man Tsirrai: Lissafin Da Ke Gaban 'Yan Kasuwar Man Shafawa

Daga ranar 1 ga Nuwamba, 2025, Tarayyar Turai ta hana shigar da duk wani sabon man fuska kasuwanninta muddin sinadarin retinol da ke cikinsa ya zarce kashi 0.3 cikin 100, man jiki kuwa kashi 0.05. An bai wa masu kantuna wa'adi zuwa 1 ga Mayu, 2027, su kawar da ragowar tsohon kaya. Wannan doka ta shafi 'yan kasuwar da ke sarin kayan kwalliya a Legas su rarraba zuwa Kano da Anaca, domin kayan da aka rufe wa ƙofa a wata kasuwa yakan nemi wata, sau da yawa a farashi mai ruɗi.

Shi dai retinol wani nau'i ne na bitamin A. Ɗan'uwansa mai ƙarfi, tiretinoyin, wanda Dokta Albert Kligman na Jami'ar Fensilbaniya ya yi fice a kansa, ya sami amincewar hukumar magunguna ta Amurka a 1971 don maganin ƙuraje, sa'an nan a 1995 don rage tamojin fuska. Aikinsu shi ne gaggauta sabunta fata da ƙarfafa kolajin, wato abin da ke riƙe ta kada ta saki. Babu wani sinadarin hana tsufan fata da aka daɗe ana gwadawa kamarsu. Turai ma ba don ya gaza ta taƙaita shi ba, illa don gudun kada bitamin A ya yi wa jiki yawa idan aka haɗa da na abinci.

To amma ga ɗan kasuwa, retinol kaya ne mai laulayi. Haske da iska da zafi suna kashe ƙarfinsa, saboda haka katan ɗin da ya yi makonni a tashar jirgin ruwa ta Apapa, ya kuma zauna a rumfa cikin zafin bazara, ba lalle ne ya kai hannun mai saye da ƙarfin da aka rubuta a jikin kwalba ba. Bugu da ƙari, yakan sa fata ta yi raɗaɗi da saɓa a makonnin farko, kuma a baƙar fata irin wannan kumburi kan bar tabo mai duhu. Da dare ake shafa shi, da rana a bi da man kariya daga rana, likitoci kuma sun hana masu juna biyu. Mai kanti da bai faɗi waɗannan ba, zai sayar sau ɗaya ne kawai.

A nan ne bakuciyol ya sami kasuwa. Ana tace shi daga 'ya'yan tsiron babci na ƙasar Indiya, inda aka fara ware shi a 1966, kodayake sai a 2007 wani kamfanin Amurka mai suna Sytheon ya shigar da shi harkar kayan kwalliya. Abin da ya ɗaga darajarsa shi ne gwajin da mujallar likitocin fata ta Birtaniya ta buga a 2019. Mutum 44 aka raba gida biyu na tsawon mako 12, wasu na shafa bakuciyol sau biyu a rana, wasu retinol sau ɗaya. Tamoji da duhun fata sun ragu kusan daidai a ɓangarorin biyu, amma masu retinol sun fi kukan saɓa da raɗaɗi.

Sakamako ne mai kyau, sai dai mutum 44 ba su isa a ɗora musu jarin kwantena ba. Akwai kuma tarko. Ɗanyen man babci, wanda ya fi araha, yana ɗauke da soralen, sinadarin da ke ƙona fata idan rana ta taɓa ta. Kalmar "na tsirrai" a jikin kwali ba ta bambance tataccen da ɗanyen, don haka wajibi ne mai sari ya nemi takardar gwajin kaya daga masana'anta, da lambar rajistar NAFDAC, kafin ya biya ko da kafin alƙalami.

Man kaɗe kuwa, wanda wasu ke tallatawa a matsayin madadin retinol, aikinsa daban ne: yana laushi da riƙe damshin fata, ba ya sabunta ta. Ribarsa ga Nijeriya tana wani wuri. Shi ne irin man da masana'antu ke zuba waɗannan sinadarai a ciki, kuma ƙasar nan tana sahun gaba a duniya wajen samar da ƙwarar kaɗanya, musamman daga jihohin Neja da Kwara da Kebbi. A watan Agusta na 2025 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyar ƙwarar na wata 6, da nufin a riƙa tace man a cikin gida kafin a kai shi waje.