Kaza da shekarun da ba a bari ta ci

Da wuya ka samu wanda ya taɓa ganin kaza ta mutu don tsufa. In an ƙyale ta, kazar Hausa tana iya kai shekara 6 zuwa 8, wata ma ta haura 10. To wa zai ƙyale ta? Baƙo ya sauka, ita ce. An kai amarya, ita ce. Sabo da kaza dai ba ya hana yanka ta. Kajin gidan gona na nama kuwa, sati 6 zuwa 8 ne iyakar zamansu a duniya.

Wadda ta tsallake wuƙa, tsufanta a ƙafa yake fara nunawa, ɓawon ya yi kauri da kaushi. Daga shekara ta uku ƙwai ya soma ja da baya. A nan masu gida kan yi gaggawar yanka ta, ni kuwa ina ganin asara ce. Tsohuwar kaza ba ta tashi daga kan ƙwai sai kwana 21 sun cika. Ta san inuwar shirwa, kuka ɗaya za ta yi 'yan tsaki su ɓace a ƙarƙashin rumbu. Zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi, amma sau da yawa ta hannun irin wannan uwa nufin ke cika.

Abin da ya fi wuƙa cin kaji shi ne ciwo, ga shi kaza gwanar ɓoye ciwo ce. Dole ta ɓoye: in ta nuna rauni 'yan'uwanta su tsattsage ta, muzuru kuma da ita zai fara. Shi ya sa lokacin duba kaji shi ne da sassafe, sa'ad da aka buɗe akurki aka watsa tsaki. Mai lafiya a guje take fitowa, ta yi tone-tone, ta ci ta goge baki a ƙasa. Wannan goge bakin da ake yi mata gorin butulci da shi, mai kiwo murna ya kamata ya yi in ya gani. Wadda za a sa wa ido ita ce ta ƙarshen fitowa, wadda ta rakuɓe a gindin danga, fukafukai a sake, gashi a tashe, ido a lumshe, jan da ke kanta ya koɗe ko ya yi duhu. A ɗauke ta a shafa ƙirjinta. In ƙashin ya fito kamar bakin wuƙa, ta daɗe tana ramewa a cikin gashi. A ɗaga fiffike a nemi ƙwarƙwata. A dubi kashinta: jini a kashin 'yan tsaki, musamman da damina, ciwon hanji ne da ke son jiƙaƙƙen akurki, kuma yana da magani in an yi hanzari.

Babbar annoba da hunturu ta fi zuwa. Kaji su kama haki baki a buɗe, zawo kore, wata wuyanta ya murɗe ta riƙa juyi wuri ɗaya, cikin 'yan kwanaki akurki ya zama wayam. Likitocin dabbobi na kiranta cutar Niyukasil, sunan garin Ingila da ta ɓulla a 1927. Za a jiƙa barkono da ɓawon maɗaci a kasko, a fasa kafso a zuba, duk a banza, don ƙwayar cutar ba ta jin kafso. Riga-kafi kawai ke tare ta. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Filato, wadda aka kafa a 1924, tana yin wani riga-kafi mai suna I-2 da ke jure zafi fiye da sauran, ɗigo ɗaya a ido, a maimaita bayan wata 3 ko 4.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda cutar ke tafiya da ƙafar mutane. Da an ga biyu sun faɗi, sai a kwashi sauran a yi kasuwa da su. Wata baiwar Allah ta ga araha ta saya, ta sake a tsakar gida, kajin da take tarawa don ta sayi akuya su ƙare. Baƙuwar kaza a keɓe ta sati 2 kafin ta sha kasko ɗaya da na gida. Wadda ta mutu a binne ta da zurfi, kada a jefa a bola kare ya ja ta gidan maƙwabta. In kuwa kaji da yawa suka zube a dare ɗaya, a hana yara taɓawa, a kira malamin dabbobi, don wataƙila murar tsuntsaye ce, irin wadda ta ɓulla a jihar Kaduna a 2006, ita kuwa tana kama mutum.

Kwalbar riga-kafin Niyukasil ɗaya ta ishi kajin gidaje da dama, matan unguwa na iya haɗa kuɗi su saya. Lokacin yinsa shi ne da kaka, ana cikin girbin gero, tun iska ba ta juya ba.