Nawa Ne Ainihin Kuɗin Tsofaffin Kayan Wasan Yaranmu?

Kalmar gwanjo tana da fuska biyu a bakin Bahaushe. Akwai gwanjon dila, wato tsofaffin kayan da ake kawowa daga Turai, a kwance su a kasuwannin Kano, daga can 'yan koli su ɗebo su baza a Kankiya da Kusada da ƙauyukan kewaye. A cikin irin waɗannan kaya ne yaranmu suke samun 'yan motocin ƙarfe da 'yan tsana na roba. Akwai kuma gwanjon ƙararrawa, inda ake ɗaga kaya, masu saye su yi ta tayawa, wanda tayinsa ya fi tsoka ya ɗauka. A zamanin nan gwanjon nan biyu sun gamu a cikin wayar hannu.

Saurayi zai buɗe intanet, ya ga wata 'yar mota kamar wadda ke cikin akwatin ƙarƙashin gado, an rubuta mata dala 500. Tun da darajar naira ta faɗi, daga wajen naira 460 a kan dala ɗaya a farkon 2023 zuwa fiye da naira 1,500 a 2024, ko ƙaramin kuɗin waje ya kan zama babban abu idan an juya shi. Kafin magariba gida ya ɗauki zafi: wa ya ce motar tasa ce, ƙane ya ce shi aka saya wa. Domin haka muka ga ya kamata mu zauna tare da iyaye mu yi wannan lissafi a hankali, kada a ɓata zumunci a kan kuɗin da babu shi.

Me ya sa ake sayen tsohon abin wasa?

Gaskiya ne a Turai da Amurka akwai manya da ke tara kayan wasa, yadda waɗansu ke tara kan sarki. Yawancinsu suna neman abin da suka yi wasa da shi ne suna yara. Motocin Dinky an fara yin su a Ingila a 1934, na Matchbox a 1953, na Hot Wheels kuwa a Amurka a 1968. 'Yar tsanar nan Barbie ta fito a 1959, ana sayar da ita dala 3. Kasuwar eBay, wadda aka kafa a 1995, ita ce ta haɗa masu tarawa na duniya a wuri guda.

Akan sami abin da ya yi tsada ƙwarai. A 2024 an sayar da wani ɗan mutum-mutumin roba na Star Wars, mai suna Boba Fett, a kan fiye da dala miliyan ɗaya. Amma mai karatu ya lura da dalilin: samfuri ne na gwaji da aka yi a 1979, ba a taɓa kai shi kanti ba, kaɗan ne suka rage a duniya. Kayan da ke zuwa mana cikin dila kuwa, miliyoyinsu aka ƙera. Abin da ke da yawa ba ya tsada, ko da ya tsufa.

Sa suna daban, sallama daban

Duk wanda ya taɓa kai sa kasuwar Caranci ya san wannan. Mai sa yana iya sa masa sunan da ya ga dama, gama baki nasa ne. Masu saye su taya, ya ce albarka. Amma manomi mai hankali, in yana so ya san kuɗin nasa san, ba ya tambayar nawa aka sa wa shanu suna. Abin da yake tambaya shi ne, nawa aka sallama irinsa a makon jiya?

Haka yake a intanet. Yawancin manyan kuɗin da muke gani suna ne kawai aka sa, kayan kuwa suna nan shekara da shekaru ba mai tayawa. A Jiji da kasuwar Facebook, abin da mai kaya ya nema kaɗai ake nunawa. A eBay akwai wurin da ake taɓawa a ga kayan da aka riga aka sayar cikin kwana 90 da suka wuce, da kuɗin da aka biya. Wannan shi ne sallama, kuma da shi kaɗai ake lissafi.

Mutanen Amurka sun koyi wannan darasi da tsada. A 1993 wani kamfani mai suna Ty ya fito da ƙananan dabbobin ƙyalle da ake kira Beanie Babies, ana sayar da ɗaya wajen dala 5. Sai jita-jita ta bazu cewa za su zama dukiya, iyalai suka yi ta zuba ajiyarsu a ciki. Zuwa shekara ta 2000 kasuwar ta rushe. Har yau akan ga irin wanda aka yi a 1997 don tunawa da Gimbiya Diana an sa masa dubban daloli, alhali in aka duba inda aka sayar, 'yan daloli kaɗan ne.

Yadda za a yi lissafin

Da fari, a tabbatar da ko mene ne a hannu. A kifa motar a karanta ƙarƙashinta: sunan kamfani, lamba, da ƙasar da aka ƙera ta. Matchbox mai ɗauke da sunan Lesney da sunan Ingila ta tsohon kamfanin ce, wanda ya karye a 1982. Bayan haka aikin ya koma Makawo da Sin da Tailan. A kuma yi hattara da shekarar da ke rubuce, gama sau da yawa shekarar da aka zana samfurin ce, ba wadda aka ƙera wannan ɗin ba. Barbie da yawa suna da 1966 a bayansu, alhali an yi su shekaru da dama daga baya.

Na biyu, a faɗa wa kai gaskiya game da lafiyar kayan. Masu tarawa suna biyan kuɗi mai yawa ne a kan abin da ke cikin kwalinsa, fenti bai goge ba, ƙafa ba ta fita ba. Motar da ta sha gudu a tsakar gida damina biyar ba za a gwada ta da wannan ba. Kada kuma a ce za a shafa mata sabon fenti, gama wannan rage mata daraja yake yi.

Na uku, a nemo aƙalla guda biyar irinta sak, masu lafiya irin tata, waɗanda aka riga aka sayar. A jera kuɗin daga ƙarami zuwa babba, a ɗauki na tsakiya. A ce mun sami dala 4, da 6, da 7, da 9, da 40. Ido zai tafi kan 40, amma watakila mutum biyu ne suka yi gardama a kanta ranar nan. Kuɗin gaskiya shi ne 7.

Na huɗu, a cire ɗawainiya. eBay tana ɗaukar wajen kashi 13 cikin 100 a matsayin la'ada, wato daga dala 7 saura kamar 6. Sa'an nan ga kuɗin mota zuwa Katsina ko Kano, ga kuɗin aika ƙunshi zuwa Turai, wanda shi kaɗai ya fi kuɗin motar, ga wahalar karɓo kuɗi daga waje. Mai saye a Landan kuwa yana da irinta kusa da shi, ba ya bukatar jiran tamu.

Na biyar, in kayan suna da yawa, kada a ninka. Mota 30 ba dala 210 ba ce. Wanda zai saye su a tare dillali ne, shi ma riba yake nema, sai ya taya ƙasa sosai. A ware guda biyu ko uku da suka fi kyau a bincika su ɗaya ɗaya, sauran a ƙiyasta su a kan abin da ɗan koli zai biya a nan gida.

Masu cin kasuwa da kwaɗayinmu

Inda aka ji ƙanshin kuɗi, mayaudara ba su nisa. Wani zai aiko da saƙo ya ce yana Amurka, ya amince da dala dubu, amma sai an fara tura masa kuɗin takarda ko na kwastan. Ƙa'idar guda ce: mai saye shi ke biya, duk wanda ya ce mai kaya ya fara tura kuɗi ɓarawo ne. Kada kuma a ba kowa lambar sirri ta banki. A 2009 jita-jita ta bazu a Saudiyya cewa tsofaffin kekunan ɗinki na Singer suna ɗauke da wani abu mai tsada da ake kira jan makuri. Mutane suka yi ta saye da kuɗi masu yawa, waɗansu ma har da sata, alhali abin nan babu shi sam.

Akwai kuma kayan da ba na sayarwa ba ne ko kaɗan. Idan manomi ya tono mutum-mutumin yumɓu a gona, wannan ba abin wasa ba ne. Gumakan yumɓu na yankin Katsina da Sakkwato da Nok suna cikin jerin kayan tarihi masu fuskantar sata da ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta fitar a 2000. Doka mai lamba 77 ta 1979 ta hana cinikin kayan tarihi da fitar da su ba tare da izinin hukuma ba, kuma ta haɗa da aikin hannu na ƙasarmu da aka yi kafin 1918. Wanda ya tsinci irin wannan ya sanar da mai gari, a kai labari gidan tarihi na Katsina, da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina.

Abin da ya rage a akwati

Bayan an yi wannan lissafi, yawancin gidaje za su tarar kayan wasansu ba su kai kuɗin buhun gero ba. Wannan ba abin baƙin ciki ba ne, gama an huta da gardama. A wanke masu lafiya a ba ƙanne. Sai dai tsohon abin wasa mai ɓarewar fenti kada a bar jariri ya kai shi baki, domin fentin dā yakan ƙunshi dalma. Sai a 1978 ne Amurka ta hana sa irinsa a kayan yara.

Mu malamai muna roƙon iyaye su mai da wannan aiki darasi. A ba yaro littafi ya rubuta kowane abu, da lafiyarsa, da kuɗi biyar na sallama, ya fitar da na tsakiya, ya cire ɗawainiya. Yaron da ya iya wannan a kan 'yar mota, gobe ba za a ruɗe shi a kan waya ko babur ko gona ba. In an gama, a aike shi bayan gida ya samo karan dawa, kakansa ya nuna masa yadda ake ƙera motar kara, tun masu wannan sani suna tare da mu.