Zane ya yi kyau, gyara ya tsaya: me ke haɗa mai gida da mai zanen gini?

A unguwannin Kano, Kaduna da Zariya ba wuya ka ga gidan da aka yaye wa kwano, aka fasa bango ɗaya, aka jibge yashi a ƙofa har ciyawa ta tsiro a kansa. Idan ka tambayi mai gidan, labarin kusan ɗaya ne. Ya yi niyyar yi wa gidan kwaskwarima, ya ɗauko mai zanen gini, ya biya kuɗi masu kauri, aka miƙo masa zane mai ɗaukar ido. Daga nan komai ya cije. Kuɗin da aka ce za su isa sun ƙare aiki bai kai rabi ba, mai zane ya daina ɗaga waya, iyali kuma suna rakuɓe a gidan 'yan'uwa.

Wani lokaci ha'inci ne tsagwaronsa. Amma sau da yawa tushen rigimar shi ne mutane biyu sun shiga aiki kowa da abin da yake zato a ransa, ba a faɗa ba, ba a rubuta ba.

Babban abin da aka fi yin shiru a kansa shi ne kuɗi. Mai gida yana ɓoye ainihin abin da ke hannunsa don kada a tsawwala masa, mai zane kuma yana zana abin da zai burge, ba abin da aljihu zai ɗauka ba. Hoton da kwamfuta ke fitarwa, da fitilu da tayil mai sheƙi, ba ya faɗin buhun siminti nawa ko tan ɗin rodi nawa zai ci. Wannan aikin masanin ƙiyasin gini ne, wanda ke lissafa kaya da ladan ma'aikata dalla-dalla, kuma yawancin masu gyaran gida ba sa nemansa. Ga kasuwa ba ta jiran kowa. A tsakiyar 2023 ana sayen buhun siminti a kan kusan naira 5,000. Zuwa Fabrairun 2024, bayan cire tallafin fetur da faɗuwar darajar naira, ya haura naira 10,000 a wurare da dama. Duk wanda aka yi wa ƙiyasi da baki kafin lokacin, ya ga yadda lissafinsa ya rushe.

Sai kuma halin tsohon gida. Gyara ya fi sabon gini wuyar hasashe, domin ba ka san abin da ke cikin bango ba sai ka fasa. Gidaje da yawa an gina su ba tare da zane ba, ɗaki bayan ɗaki, gwargwadon yadda kuɗi suka samu. Wani bangon na bulo mai inci 6 ne da aka yi don raba ɗaki kawai, wani mai inci 9 ne da ke ɗauke da nauyin rufi, wani kuma tubalin ƙasa ne aka shafe da siminti. Harsashin da aka haƙa don gida mai hawa ɗaya ba lalle ne ya ɗauki bene ba. Mai zanen da ya zauna a ofis ya zana gyara, bai zo ya auna gidan ba, bai sa an tona gefen harsashi an duba ba, ya riga ya shuka rigima. Kuma hukuncin ko ginin zai ɗauki ƙarin nauyi ba nasa ba ne shi kaɗai. Sai da sa hannun injiniyan gini mai rajista da hukumar COREN. Wannan ba ƙa'idar takarda ba ce kawai. Rushewar benen makarantar Saints Academy a Jos a watan Yulin 2024, inda aka rasa rayuka 22, ta isa tunatarwa cewa nauyin gini ba abin wasa ba ne.

Akwai kuma tambayar me aka biya. Mai gida yana ɗauka cewa tunda ya biya kuɗin zane, mai zane zai tsaya a kan birkila da kafinta har a gama. Shi kuwa mai zane a wurinsa aikinsa ya ƙare ranar da ya miƙa takardu, domin sa ido a kan aiki hidima ce daban mai kuɗinta daban. A wannan giɓin ne ɗan kwangila ke rage siminti, ya canza kaurin rodi, ko ya cire katakan da ke tallafe da rufin kankare da wuri, alhali kankare yana buƙatar kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da aka lissafa masa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ba duk mai iya zana ɗakuna a kwamfuta ne ƙwararren mai zanen gini ba. A Najeriya, hukumar ARCON, wadda aka kafa da doka a 1969, ita ke yi wa masu wannan sana'a rajista, kuma kafin mutum ya kai nan sai ya yi digiri na farko da na biyu, ya yi aiki a ƙarƙashin ƙwararru, ya ci jarrabawar sana'a. Mai rajista yana da lamba da hatimi, yana kuma da inda za a kai ƙararsa. Wanda ba shi da su, idan ya ɓace, ya ɓace ke nan. Haka kuma gyaran da ya taɓa tsarin gini yana buƙatar izinin hukumar tsara birane, kamar KNUPDA a Kano.

To amma ko mai rajistar yana iya ba da kunya idan bai saurari masu gida ba. Gidan Bahaushe yana da tsarinsa: zaure ko ɗakin baƙi da ba ya leƙa cikin gida, tsakar gida inda mata ke aiki da shan iska, wurin hura murhu ranar suna ko biki, ɗakuna daidai wa daida idan matan gida sun fi ɗaya. Maginan da, irin su Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, sun san amfanin bango mai kauri da rufi mai tsayi a ƙasar zafi. Zanen da ya cinye tsakar gida, ya kafa manyan tagogin gilashi suna kallon yamma a garin da wutar lantarki ba ta tsayawa, zai yi kyau a hoto, amma masu gida za su gane kurensu a watan Afrilu. Uwargida, wadda ta fi kowa sanin inda gidan ke takura, ita ce sau da yawa ba a tambaya.

Maganin ba ɓoyayye ba ne. Mai gida ya faɗi gaskiyar abin da zai iya kashewa, ya ware kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari saboda abin da zai ɓullo bayan an fasa bango. Ya nemi lambar rajistar mai zane, ya je ya ga gidan da mutumin ya taɓa gyarawa, ya ji ta bakin masu shi. A rubuta yarjejeniya: zane nawa za a bayar, sau nawa za a iya canza shi, sau nawa mai zane zai zo wurin aiki, wa zai nemo izini. A biya kuɗi mataki-mataki, kafin alƙalami kaɗan, saura bayan kowane aiki ya kammala. Duk canjin da aka yi a tsakiyar aiki a rubuta shi da kuɗinsa kafin a taɓa bulo.

Mutane da yawa suna jin nauyin neman takarda daga wanda aboki ko ɗan'uwa ya haɗa su da shi, suna ganin kamar rashin yarda ne. Amma gida shi ne dukiya mafi girma da yawancin iyalai za su taɓa mallaka, tarin gumin shekaru ne. Mai zanen kirki ba ya gudun rubutu, domin yana kare shi kamar yadda yake kare mai gida. Wanda ya ƙi a rubuta, ya riga ya faɗa maka yadda aikin zai ƙare.