Yadda ƙasashe uku na gaɓar Tekun Baltik suka raba gari da lantarkin Rasha

Da safiyar Asabar, 8 ga Fabrairu, 2025, injiniyoyi a Lituwaniya da Latbiya da Estoniya suka katse layukan wutar lantarkin da suka haɗa ƙasashensu da Rasha da Belarus. Sai da ƙasashen uku suka kwana suna riƙe da wutarsu su kaɗai, sannan a ranar Lahadi suka haɗe da babban layin lantarkin Turai ta ƙasar Poland.

Jimillar al'ummarsu kusan miliyan 6 ce, ba ta kai ta Jihar Kano ba. Sun fice daga Tarayyar Sobiyet a 1991, suka shiga NATO da Tarayyar Turai a 2004, amma ragamar daidaita gudun wutarsu ta ci gaba da zama a hannun Mosko. Ko bayan da suka daina sayen wuta daga Rasha a 2022, ragamar ba ta sauya hannu ba. Wanda ya tuna yadda Najeriya ta yanke wa Nijar wuta bayan juyin mulkin 2023 ya san abin da ke damun su.

Sai dai zaman nasu bai rasa saɓani ba. Lituwaniya ta matsa a katse tun a 2024, Estoniya kuwa ta ce ba ta shirya ba. Da yake layukansu a sarƙe suke, babu wadda za ta iya fita ita kaɗai, don haka aka tsaya a tsakiya: Fabrairun 2025, maimakon ƙarshen shekarar kamar yadda aka tsara da farko. Aikin ya ci kimanin Yuro biliyan 1.6, kuma Tarayyar Turai ce ta ɗauki kaso mafi tsoka.

Fargaba ba ta kau ba. Makonni shida kafin katsewar, a ranar 25 ga Disamba, 2024, aka tsinke Estlink 2, wayar ƙarƙashin teku da ke haɗa Estoniya da Finland, har hukumomin Finland suka kama jirgin dakon mai Eagle S. A yanzu daidaiton wutar ƙasashen uku ya rataya ne a kan layi guda zuwa Poland. Na biyun, Harmony Link, wanda da farko aka so a shimfiɗa ta cikin teku, an mayar da shi kan tudu, kuma sai wajen 2030 ake sa ran kammala shi.