Ƙaramar Mujiyar Daji: Kamanninta da Halayenta

Gabatarwa

Idan Bahaushe ya ce an mai da wane mujiya, nufinsa an tsangwame shi, ba mai son ganinsa. Wannan magana ta samo asali ne daga yadda tsuntsaye kan taru su yi wa mujiya ca idan suka gan ta da rana. Sai dai mujiya iri-iri ce. Wannan maƙala za ta dubi ƙaramar cikinsu da ake samu a dazuzzuka da gonakin ƙasar Bunguɗu, watau wadda masana ke kira Otus senegalensis, sunan da ya samo tushe daga bayanin da William Swainson ya yi a kanta a 1837.

Kamanninta

Tsawonta bai wuce kamar santimita 17 ba, nauyinta kuwa bai cika kai giram 100 ba. Gashinta toka-toka ne ko ƙasa-ƙasa mai zane-zane, sak ɓawon itace. Idanunta rawaya ne, kuma ba sa juyawa a gurbinsu, shi ya sa takan juya kai ta dubi bayanta. Tana da tukkaye biyu a ka masu kama da kunnuwa, alhali gashi ne kawai.

Da rana takan lafe a jikin tsamiya ko ɗorawa ko kanya, ta miƙe jiki, ta tsuke idanu, ta ɗaga tukkayen nan, har mutum ya tsaya a gindin itacen bai san da ita ba. Saboda haka an fi sanin ta da kuka, wani ɗan gajeren "kurr" da take maimaitawa bayan 'yan daƙiƙoƙi, tun daga magariba.

Abinci da Haihuwa

Yawancin abincinta ƙwari ne: fara, gyare, buzuzu da malam-buɗe-littafin dare. Takan kama gizo-gizo da kunama, wani lokaci har da tsaka ko ɗan ɓera. Takan zauna a reshe tana saurare, sa'an nan ta sauko wa abin farauta ba tare da ƙarar fiffike ba.

Ba ta saƙa sheƙa. Kogon itace take nema ta saka ƙwai farare 2 zuwa 4. Macen ce ke kwanci na kimanin mako 3, namijin yana kawo mata abinci. 'Ya'yan kan bar kogon bayan kamar mako 4.

Kammalawa

Daga nan za a fahimci cewa rayuwar wannan tsuntsuwa ta rataya ne a kan tsofaffin itatuwa, domin ƙaramin itace ba ya kogo. Duk tsohon itacen da aka sare don girki ko gawayi, a bakin gulbin Bunguɗu ko a gindin dutsen Kwatarkwashi, gida ne aka rushe, wanda sai an shekara da shekaru kafin a sami madadinsa. Daɗin daɗawa, ga camfin da ke cewa kukan mujiya alamar mutuwa ne, wanda kan sa a bi ta da jifa. Alhali kuwa kukan nan kiran abokin zama ne da shelar mallakar wuri, mai yin sa kuma kwana take tana rage wa manomi farar da za ta ci masa gero.